"Iyakata ke nan": Haƙuri ne ko mutuwar zuciya? Abin da ƙasar Keita, Buza da Madawa ke nunawa

Da zarar an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, tashoshin mota na Madawa, Buza da Keita da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar sukan cika da samari masu jakunkuna. Wasu Kano ko Legas suka nufa, wasu Abijan ko Akara, wasu kuma sukan yi arewa ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Wannan tafiya ita ake kira bida, kuma ta daɗe har ta zama kamar wani matakin girma. A ƙauyuka da yawa, saurayin da bai taɓa fita ba ana yi masa kallon wanda da sauransa.

Labarin da ya fi yawo shi ne na waɗanda suka dace: wane ya gina gidan siminti ya rufa da kwano, wane ya buɗe shago a bakin kasuwa, wane ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Amma ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa sukan dawo dab da damina da abin da bai wuce kuɗin 'yan buhunan hatsi, tufafin iyali da biyan bashin da aka ci a bayansu ba. Baɗi a sake komawa. A haka shekara goma kan wuce, wani lokaci ashirin.

Wata rana mutum zai duba ya ga ya doshi shekara 40, kuma alhajin da ya yi mafarkin zama bai zama ba. Shi ba fakiri ba, shi ba mai kuɗi ba. Yana ciyar da gidansa, ba ya roƙon kowa, amma babu wanda zai kafa misali da shi. A lokacin ne akan ji ya ce, "To, iyakata ke nan."

Wanda ya faɗi haka, hankali ne ya zo masa, ko kuwa zuciyarsa ce ta mutu?

Hausa tana da kalmomi ga ɓangarorin biyu, kuma ba ta yi rowarsu ba. Akwai haƙuri, da dangana, da wadatar zuci wadda malamai ke kira ƙana'a. Lokacin da masanin nan ɗan Birtaniya, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, haƙuri na cikin halayen da ya lissafa tare da gaskiya, amana da kunya. A ɗaya gefen kuma akwai mutuwar zuciya, da ci-ma-zaune, da zaman kashe wando. Bakin da ya ce mahaƙurci mawadaci shi ne kuma ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Matsalar ita ce daga waje ba a iya bambance su. Mai wadatar zuci da wanda ya karaya duk a fada ɗaya suke shan shayi, kuma kalma ɗaya suke faɗa. Bambancin sai an bi mutum an ga abin da yake yi da safiyarsa. A wannan yanki kuwa, ƙasar da suke takawa ta riga ta ba da misali, domin ita ma an taɓa cewa iyakarta ke nan.

Ƙasar da aka yanke wa ƙauna

Yankin Adar, Dutsi da Majiya ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da kwaruruka. Ruwan sama a Keita ba kasafai yake wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba, kuma idan ya zo yakan sauko da ƙarfi, ya gangaro daga kan tudu ya kwashe ƙasar noma, ya bar kwazazzabai. Farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984, sun kashe dabbobi da itatuwa, suka bar fako mai faɗi, wato ƙasar da ta daskare har ruwa ba ya ratsa ta, ko ciyawa ba ta fitowa.

A gundumar Buza, iskar rani ce ke kwashe ƙasar kwarin Majiya, a farkon damina kuma ta binne shuka da yashi. Wani jami'in gandun daji na yankin, Daouda Adamou, tare da wani ɗan sa-kai Ba'amurke, suka nemi tallafin ƙungiyar CARE, aka fara dasa dogon yaro a 1975. Layi biyu-biyu ake dasawa, a gicciye da hanyar iska, ana barin kimanin mita 100 tsakanin jeri da jeri. Babu wani abin al'ajabi a ciki. Itace ne da kowa ya sani, kuma sai ya shekara da yawa kafin ya tare iska. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin gero a gonakin da ke bayan itatuwan ya ƙaru da kimanin kashi 15 zuwa 23 cikin 100. Wannan ba ƙarin da zai mayar da manomi attajiri ba ne, amma a gidan da hatsi ke ƙarewa tun kafin sabon gero ya nuna, kwanaki ne na tuwo.

Na Keita ya fi girma nesa. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana gudanarwa, ƙarƙashin jagorancin wani ƙwararre ɗan Italiya, Renato Carucci. An yi ta haƙa ramuka masu tsawon kimanin mita uku a jikin tuddai don su tare ruwa a dasa itace a ciki, ana jera kunyoyin dutse a kan fako, ana gina shingaye a cikin ƙoramu don rage gudun ruwa ya samu ya bazu a fadama. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Zuwa farkon shekarun 2000, an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an kuma dasa itatuwa kimanin miliyan 18.

Wa ya ɗauki duwatsun? Galibi mata ne, domin mazan suna bida. Da diga da shebur suka yi aikin, dutse a ka, cikin zafin rani, ana biyan su da abinci daga shirin samar da abinci na duniya.

Abin lura a nan shi ne daga inda aikin ya fara. Babu wanda ya yi alkawarin mayar da Keita kamar bakin kogin Kwara. An yarda cewa ruwan kaɗan ne, kuma kaɗan zai ci gaba da zama. Yardar ce ta haifi tambayar da ta dace: tunda ba za a iya ƙara ruwan ba, yaya za a hana wanda ya sauka gudu? Da an tsaya jiran shekarar da za a yi ruwa kamar na kudu, da har yau ana jira.

Misalin da ya fi fitowa fili ma a maƙwabciyar gunduma yake, wato Illela. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ke tallafawa ya kai wasu manoman yankin ziyara Yatenga a Burkina Faso, ƙasar Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna wajen inganta tsohuwar dabarar ramukan shuka da Mosawa ke kira zai. Suka dawo suka gwada a gida, inda ake kiran ramukan tassa. Rami ne mai faɗin kamar taki ɗaya, a tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, a zuba ɗan takin gida a ciki tun da rani. Gara takan biyo takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya wuce. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, kuma waɗanda suka yi tassa suka samu abin girbi a lokacin da gonaki da yawa suka ƙone.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya tsara shi a ofis. Mutane suka fara sayen fako. Ƙasar da a da ko kyauta ba a so, sai ga ta da farashi, har wasu samari suka mayar da haƙar tassa sana'ar rani. Fakon nan shi ne dai na jiya, ruwan saman ma bai ƙaru ba. Masu shi ne suka gano cewa "ƙasar ba ta da ƙarfi" da "ƙasar ba ta da amfani" maganganu biyu ne daban.

Masana halayyar ɗan Adam suna da labari makamancin wannan. A 1967, Martin Seligman da Steven Maier sun yi wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, inda karnukan da aka saba wa azabar lantarkin da ba su da hanyar kauce mata suka daina yunƙuri, har bayan an sa su inda tsallake ɗan shinge kawai zai fitar da su. Shekaru kusan 50 bayan haka, a 2016, mutanen biyu suka gyara bayaninsu. Suka ce sakin jiki a gaban wahalar da ta daɗe ba koyonsa ake yi ba, shi ne abin da jiki ke yi da kansa. Abin da ake koya shi ne cewa yunƙuri yana da tasiri. Manoman Illela ba wa'azi aka yi musu ba, gonar maƙwabci suka gani a shekarar fari.

Sai dai kada a ƙawata labarin fiye da kima. Aikin Keita ya ci gomman miliyoyin daloli, da manyan injina, kuma matan da suka yi dakon dutsen yunwa na cikin abin da ya fito da su. Bayan kuɗin waje sun janye, kula da madatsun ruwa da shingayen ya zama nauyin da ƙananan hukumomi da ƙauyuka ba koyaushe suke iya ɗauka ba. Jama'a kuma ta ninka. Bida ba ta tsaya ba, kuma babu alamar za ta tsaya.

Inda haƙuri ke zama asara

A Madawa, labarin na albasa ne. Kwarin Tarka na cikin manyan wuraren noman albasar nan mai ruwan shunayya da ake kira da sunan Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Ghana, Kwaddibuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku. Matashin da ya yanke shawarar daina bida, idan yana da 'yar gona a fadama, galibi nan yake komawa: rijiyar burtsatse ta hannu, injin ban-ruwa, iri, taki da mai.

Da yawa da bashi suke farawa. Idan aka zo cire albasa wajen Maris da Afrilu, kowa a lokaci guda yake cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai bashi yana jira, iyali suna jira, sai a sayar. Buhu ake saye ba sikeli ba, kuma akan cika buhun har a ɗinka masa hula. Watanni biyar ko shida bayan haka, buhun nan kan ninka kuɗinsa sau uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Ribar tana zuwa ga wanda ya iya ajiyewa. Rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ajiyar albasa a ciki, yana taimakawa, amma wani kaso mai yawa kan ruɓe kafin lokacin tsada. Ga kuma abin da ya fi ƙarfin kowa a ƙauye: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS da rufe iyakoki sun tsayar da motoci a hanya, albasa kuwa ba ta jira.

Manomin da ya shekara goma yana sayarwa a watan araha, idan ya ce "haka Allah Ya ƙaddara mini," ana iya ɗauka wadatar zuci ce. Amma a duba da kyau. Abin da ya haƙura da shi ba ƙarancin ruwan sama ba ne, ba kuma iyakar basirarsa ba. Rashin wurin ajiya ne, da rashin bashin da zai jira shi har farashi ya tashi, da kasancewarsa shi kaɗai a gaban dillali. Waɗannan duk mutane ne suka tsara su, mutane kuma ke iya sauya su. A Nijar ɗin nan, tun ƙarshen shekarun 1990 ake gwada tsarin da manoma ke haɗa amfanin gonarsu a ma'ajiya guda, su karɓi bashi a kansa, su sayar idan ya yi daraja. Ya fi sauƙi da gero da wake fiye da albasa mai saurin lalacewa, amma ya nuna cewa sayarwa a ranar girbi ba ƙaddarar da aka rubuta wa manomi ba ce.

Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1998, ya daɗe yana jan hankali kan wannan. Wanda ya daɗe cikin rashi yakan rage burinsa ya daidaita da abin da ya ga zai samu, har idan aka tambaye shi ya ce lafiya lau yake. Don haka cewar mutum ya gamsu ba ta isa hujjar cewa an yi masa adalci ba. Shi ya sa ya kamata a riƙa duba bakin da kalmar haƙuri ta fito. Idan uwa ta ce wa ɗanta ya yi haƙuri, ta'aziyya ce. Idan wanda ke cin ribar halin da kake ciki ne ya faɗa, ko wanda aka ɗora wa alhakin gyara hanya da kasuwa, wannan wata magana ce daban. Malaman addini ma sun daɗe suna raba tawakkali da zaman jiran tsammani.

Waɗanda kunya ta hana dawowa

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, kuma ya fi shafar 'yan bida: mutumin da ya ƙi yarda cewa shi tsaka-tsaki ne.

A unguwannin baƙi na Abijan, Legas da Tarabulus akwai 'yan Adar da suka shekara biyar, bakwai, goma ba su taka gida ba. Ba kuɗin mota suka rasa ba. Sun fita da alkawarin ba za su dawo ba sai da abin nunawa, abin bai samu ba, kuma kowace shekara da ta wuce tana ƙara girman abin da ake sa ran su zo da shi. Mai shayi ne, ko ɗan dako, ko mai gadi, yana aika ɗan abin da ya samu ta Nita ko Al Izza, amma fuskarsa ba ya so a gani. 'Ya'yansa suna girma da muryarsa a waya. Wani sai rasuwar mahaifi ta dawo da shi, wani ko ita ba ta dawo da shi ba.

Wayar ma ta ƙara tsananta abin. A da, mutum da sa'o'insa na ƙauye yake gwada kansa, kuma ya san sirrin kowa. Yanzu hoton abokinsa yake gani a Facebook ko TikTok, jingine da motar da wataƙila ba tasa ba ce, babu wanda ke ɗora hoton ɗakin da mutum goma ke kwana a ciki. Rayuwar da kakanninsa za su kira rufin asiri, shi sai ya ga faɗuwa ce.

Wannan ƙin yarda ana yaba shi da sunan zuciya, kuma wani lokaci zuciyar ce. Amma shi ne kuma ke sa mutum ya sayar da gonar gado ya sake gwada sa'a, ko ya bi rububin zinariya kamar wanda aka yi a Jado daga 2014, inda kaɗan suka samu, da yawa suka dawo da bashi. Ƙasashen da ake zuwa ma ba su da tabbas. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubun-dubatar 'yan Nijar, da yawansu 'yan jihar Tawa, hannu rabbana. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke mayar da 'yan ci-rani, wasu a sauke su a hamada su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Faɗuwar naira daga 2023 ta sa guminsa na wata shida a Najeriya, idan aka canza zuwa sefa, ya koma abin tausayi.

Ga irin wannan mutum, cewa "ba zan zama babban attajiri ba" na iya zama magana mafi nauyi da amfani da ya taɓa faɗa wa kansa. Ita ce ke ba shi damar yin lissafin gaskiya: nawa yake samu a wata bayan ya cire abinci, haya da abin da jami'an hanya ke karɓa, nawa kuma rabin hekta ta albasa, ko tumaki huɗu na kiwon sallah, ko babur na kabu-kabu za su ba shi yana kwana a gidansa. Wani lissafin zai nuna masa ya dawo. Wani kuma zai nuna masa ya ci gaba da bida, domin gonar gidansu an raba ta tsakanin 'yan'uwa takwas, kuma kuɗin da yake aikowa su ne ke riƙe da gidan. Duk wanda ya zaɓa, ya zaɓa ne da ido buɗe, ba don gudun abin da za a faɗa a fada ba.

A nan mutanen gida suna da nasu alhakin. Wanda ya dawo da babur sabo, gari kan fito tarbarsa. Wanda ya dawo da jaka ɗaya yakan zaɓi motar da za ta iso da dare. Muddin tambayar farko da ake yi wa ɗan bida ita ce me ya kawo, za a ci gaba da samun waɗanda suka gwammace su tsufa a tashar wata ƙasa. Iyaye mata da matan aure, waɗanda su ne suka riƙe gonaki da yara duk tsawon rani, sau da yawa sun fi kowa saurin cewa ya dawo haka nan. Matsin ya fi fitowa daga sa'o'i da dangin nesa.

Waɗanda suka yi karatu ma ba su tsira daga wannan ba. Tun da aka buɗe jami'a a Tawa a 2010, ana samun ƙarin matasan yankin masu digiri, alhali guraben aikin gwamnati ba su ƙaru daidai da su ba. Wani yakan karɓi koyarwa ta kwantiragi a makarantar ƙauye a Buza ko Keita, abokansa su ce ya sallama. Ko ya sallama ko bai sallama ba, ajin ne zai faɗa. Akwai wanda ke zuwa ranar Litinin ya ɓace ranar Laraba, yana cewa ai aikin ba na ci gaba ba ne. Akwai kuma wanda ya san ba zai zama minista ba, amma ya ƙudurta cewa yaran da ke gabansa, sittin ko saba'in a aji ɗaya, wasu a rumfar zana, za su iya karanta wasiƙa kafin damina ta watsa makarantar.